Ranar da Tankin Gidana Ya Ƙi Cika: Tarihin Na'urar da Ke Tsufa Ba Tare da Tsatsa Ba

A watan Afrilun 2025, lokacin da zafin bazara ya kai intaha a Diffa, tankin ruwan gidana ya yi kwana tara ba ya cika da kansa. Wanda bai san garinmu ba zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. To amma mu goma sha ɗaya ne a gidan, ban da maƙwabta gida biyu da ke ɗibar ruwa a wurinmu tun da suka baro ƙauyukansu na bakin Komadugu. Rijiya lafiya lau, famfo lafiya lau, farantan hasken rana suna kan rufi suna aikinsu. Abin da ya tsaya shi ne wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ke ajiye a bayan kabad ɗin littattafaina.

Ni haifaffen Geskeru ne, a can na fara koyarwa a makarantar firamare. Bayan hare-haren da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da tattasai, wanda shi ne jan zinariyar yankinmu. A 2016 na kwaso iyalina muka dawo cikin garin Diffa. A 2020 ɗan ƙanwata, wanda ya karanci harkar lantarki, ya haɗa mini wannan akwati. Aikinsa uku ne. Yana kunna famfo idan rana ta yi ƙarfi, ya kashe shi idan tanki ya cika. Yana kunna fitilar ƙofar gida da magariba. Sannan yana nuna mini hoton kamarar zaure a wayata, don a garin da aka sha jin ƙarar bindiga, mutum yana son ya san wanda ke buga masa ƙofa kafin ya buɗe.

Na san irin wannan akwati bai yawaita a gidajenmu ba. Amma abin da ya same shi yana jiran wayar da ke aljihunka, da kwamfutocin makarantarmu, da kamarar da ɗan kasuwa ya maƙala a shagonsa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wa ƴan uwana malamai da iyaye tarihin abin kamar yadda na bi diddiginsa.

Ga yadda aka yi. Makunnin famfo ya ƙone, muka sayo sabo. Akwatin ya ƙi gane shi, ya ce sai an sabunta manhajar da ke kula da na'urorin gida. Da muka danna a sabunta, sai ita ma ta ƙi, ta ce tushen da take zaune a kai ya tsufa. Na buga wa yaron waya a Yamai. Tambayarsa ta farko ita ce: "Kawu, yaushe rabon da a sabunta shi?" Na ce masa cikin alfahari, tun da ya tafi ko taɓa shi ba a yi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Kawu, don Allah a fara cire kamarar zaure daga wuta, sai mu yi magana."

Tafintan da ke tsakanin na'urori

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar tattasai a Diffa ya san darajar tafinta. Manomi yana jin Barbarci, mai saye ya zo daga Kano ko Maraɗi da Hausa, makiyayi yana Fillanci, takardar haraji kuma da Faransanci. Wanda ya iya haɗa su shi ne ke sa ciniki ya faɗa. Aikin akwatina ke nan, kuma dalilin da ya sa masu harkar ke kiran irinsa gada.

Buƙatar gada ta samo asali ne daga tarihin na'urorin kansu. A 1975 wani kamfani mai suna Pico Electronics a garin Glenrothes na Sukotlan ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke aika umarnin "kunna" da "kashe" ta cikin wayoyin lantarkin da ke jikin bangon gida. Zuwa 1978 an fara sayar da kayansa a shagunan Amurka. Wannan tsari ba shi da wata manhaja da ake sabuntawa, ba ya kuma magana da kowa a wajen gida. Idan ya lalace, ƙarfensa ne ya lalace.

Daga baya aka koma ga siginar rediyo. Aka samu Z-Wave daga wani kamfani na Denmak, aka samu Zigbee wanda aka amince da ƙa'idojinsa a 2004. A watan Oktoban 2012 Philips ya fito da ƙwayayen fitilar Hue, waɗanda ke zuwa da ɗan akwatinsu na gada don su iya jin umarnin wayar hannu. A 2014 Apple ya sanar da HomeKit, Amazon ya fito da Echo, a 2016 Google ya biyo baya da nasa. Kowane kamfani da harshensa, kowa kuma yana son ka sayi kayansa kaɗai.

Masu sha'awar abin ne suka fara gina gadojin da ba na kowane kamfani ba. A 2013 wani ɗan Holan mai suna Paulus Schoutsen ya fara Home Assistant. Bayan fitowar HomeKit, Nick Farina ya rubuta Homebridge don kayan da Apple bai amince da su ba su iya magana da iPhone. Dukansu kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta su. Sai a watan Oktoban 2022 manyan kamfanonin suka fitar da Matter, harshen da suka yi yarjejeniya a kansa, amma har yau gidaje cike suke da tsofaffin kayan da ba sa jin sa. Saboda haka tafinta bai rasa aiki ba.

Bambancin da ke tsakanin X10 na 1975 da akwatina shi ne, nawa cikakkiyar kwamfuta ce, tana kunne dare da rana, tana kuma haɗe da intanet. Uwar garke ce ƙarama a cikin gida. Wannan ne ya ba ta iyawa, shi ne kuma ya ɗora mata larurar da ban sani ba.

Ruwan da ke zuwa daga sama

Manhajar gada ba ita kaɗai take tsaye ba. A ƙarƙashinta akwai wata da ke fassara mata umarni, a ƙarƙashin wannan kuma akwai babbar manhaja, wadda ke tafiyar da ƙwaƙwalwar na'ura, da ma'ajiyarta, da hanyar shigarta intanet. Ita ce harsashin ginin. Kana iya sake fenti da ƙofofi sau da dama, amma akwai ranar da magini zai ce maka harsashin nan ba zai ɗauki sabon bene ba.

Harsashin akwatina yana da dogon tarihi. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a ɗakunan binciken Bell a Amurka. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU don a samu manhajar da kowa ke da ikon amfani da ita, ya gyara, ya raba. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin da ake kira Linux. A watan Agustan 1993 Ian Murdock ya tattara waɗannan ya kafa Debian, wadda har yau ƴan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne ke kula da ita.

Shi kuwa akwatin, sunansa Raspberry Pi, kuma tarihinsa ya shafe mu malamai kai tsaye. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun lura cewa ɗaliban da ke neman karatun kwamfuta sun iya amfani da ita amma ba su san cikinta ba. Sai suka ƙera wata mai arha da yaro zai iya wasa da ita ba tare da tsoron ɓarna ba. An fara sayar da ita ranar 29 ga Fabrairun 2012 a kan dalar Amurka 35. Babbar manhajarta daga Debian aka ciro ta.

Debian tana fitar da sabon zubi kusan duk shekara biyu, kowanne da sunan wani ɗan wasa na fim ɗin yara na Toy Story. Buster ya fito a watan Yulin 2019, Bullseye a Agustan 2021, Bookworm a Yunin 2023, Trixie a Agustan 2025. Kowane zubi ana kula da shi kimanin shekara biyar, daga nan a sake shi. Akwatina Buster aka sa masa a 2020, kuma an daina kula da Buster ranar 30 ga Yunin 2024. Wato wata tara cur ina kwana ina tashi da harsashin da babu mai duba shi a duniya, ban sani ba.

Masu rubuta manhaja suna da kalmar da suke kwatanta wannan dangantaka da ita, kuma daga kogi suka aro ta: akwai na sama, akwai na ƙasa. Mu mutanen Geskeru ba sai an yi mana bayani ba. Komadugu ba a ƙasarmu take tasowa ba. Ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake, ya ratsa Gashuwa da Gaidam da Damasak kafin ya iso mana, ya wuce Bosso zuwa tafkin Cadi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano, manomin tattasai a gindin kogi ya ga canji a lokacin zuwan ruwa da yawansa, alhali ba a shawarce shi ba. A 2019 da 2022 kuma ruwan ya zo fiye da kima ya ci gonaki da gidaje. Manomin kirki ba ya zama ya ce tunda bara ruwa ya zo daidai, bana ma haka zai zo. Kullum kunnensa yana sama, yana tambayar labarin Gashuwa. Ni kuwa na shekara biyar ina shan ruwan wasu ban taɓa tambayar labarinsu ba.

Sai bango ya tsage

Me ya sa dole a riƙa sabuntawa, tunda abu yana aiki? Amsar tana cikin asalin kalmar da masu harkar ke amfani da ita, wato faci. A zamanin da ake rubuta umarnin kwamfuta da huji a jikin kati ko zaren takarda, idan aka yi kuskure sai a liƙe hujin da ɗan ƙyallen takarda, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar keke. Babu manhajar da aka taɓa rubutawa ba kuskure. Muddin kwamfuta tana ɗaki ita kaɗai, kuskuren mai ita kawai yake damu. Da aka haɗa ta da intanet, sai kowane kuskure ya zama tsaga a bango, ƙadangaru kuma suna ko'ina a duniya. Tun daga Oktoban 2003 kamfanin Microsoft ya mayar da fitar da faci abin kowane wata, ranar Talata ta biyu.

Abubuwa biyu da suka faru sun isa misali. A 2016 wasu matasa uku a Amurka suka rubuta wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Dabararta ba ta da wani zurfi: tana yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sa wa kamarori da na'urorin rarraba intanet tun daga masana'anta, waɗanda masu saye ba sa canzawa. Ta haka ta mallaki dubban ɗaruruwan na'urori, masu su ba su sani ba. Bayan an saki rubutunta ga kowa, ranar 21 ga Oktoban 2016 aka tura irin wannan runduna kan kamfanin Dyn, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a Amurka da Turai. Abin bai tsaya can ba. A ƙarshen wannan shekarar wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani nau'in Mirai ya afka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, har intanet ta tsaya wa jama'a da yawa a ƙasar. A watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32.

Na biyu shi ne WannaCry, ranar 12 ga Mayun 2017. Ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan tsaga tun ranar 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin. Maganin yana nan, ba a sha ba ne.

Da na karanta labarin Mirai na gane dalilin da yaron ya fara da maganar kamara. Kamarar zaurena tana ganin duk wanda ya shiga ya fita: matata, ƴaƴana mata, lokacin da nake tafiya makaranta, lokacin da gida ke zama ba namiji. Ba ni da wata shaida cewa wani ya taɓa leƙowa. Amma na shekara biyar da kalmar sirrin da ban canza ba, a kan harsashin da aka daina yi wa faci. Na sa kamara don in tsare gidana, ashe wataƙila taga na buɗe. Ruwan tanki kam muna iya kunna famfo da hannu, haka ma muka yi ta yi a kwanakin nan tara. Mutuncin iyali idan ya fita ba a kunna shi da hannu ya dawo.

Ranar da mai abu ya juya baya

Akwai wata hanya ta biyu da na'ura ke mutuwa da sauran ƙarfinta. A 2014 kamfanin Nest, mallakar Google, ya sayi Revolv, mai ƙera akwatin gada da ake sayarwa kusan dalar Amurka 300. A watan Mayun 2016 aka kashe uwar garken da akwatunan ke dogaro da ita, suka zama marasa amfani a hannun masu su. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya rufe nasa ba tare da sanarwa ba, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka saye shi kafin abubuwa suka dawo. Philips ma ya daina kula da gadar Hue ta farko a ƙarshen Afrilun 2020.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan ba tare da mun san sunansa ba. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Nokia masu tsarin S40 bayan ƙarshen 2018, kuma daga 24 ga Oktoban 2023 ya bar duk wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba. Iyaye da dama a nan sun ɗauka wayarsu ce ta lalace, suka kai wa mai gyara, alhali ba abin da ya same ta. Haka kwamfutocin da ake kawo wa makarantu kyauta: an daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk malamin da ke da ɗakin kwamfuta ya je ya duba wanne ke ciki.

Nijar tana da nata tsohon darasin. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a wasu azuzuwan firamare da taimakon Faransa, muna cikin na farko a Afirka. A 1968 har an gwada kunna talabijin ɗin wata makaranta kusa da Yamai da hasken rana, a zamanin da Farfesa Abdou Moumouni ke fafutukar nuna cewa rana dukiya ce ga Sahel. Shirin ya burge baƙi daga ƙasashe da dama, amma bai taɓa kaiwa ga yawancin makarantun ƙasar ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe shi. Abin da na ɗauka daga wannan, da kuma abin da idona ya gani a shekarun koyarwata, shi ne mun iya bikin karɓar kaya, ba mu cika tambayar wanda zai riƙe su bayan baƙi sun tafi ba.

Kada kuma a ɗauka sabuntawa ba ta da nata haɗarin. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani faci mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Saboda haka ana sabuntawa ne da shiri, a bar wa kai hanyar komawa baya.

Yadda muka yi

Yaron bai iya zuwa ba, tsakanin Yamai da Diffa ya fi kilomita 1,300. Idona kuma ba ya ganin ƙananan rubutu da dare. Sai ƴata da ke ajin ƙarshe na kwaleji ta ce: "Baba, bar ni in gwada, Yaya ya riƙa gaya mini." Na yi jim, don ban taɓa barin ta ta taɓa akwatin ba. Daga baya na tuna an ƙera shi ne tun farko don yara irinta.

Sun fara da kwafe duk saitin gidan, wato sunan kowace na'ura da lokutan kunnawa da kashewa, suka ajiye a waya da kuma wani katin ajiya daban. Ba su yi ƙoƙarin ɗaga tsohon tsarin daga Buster zuwa Bookworm a inda yake ba, domin masu Raspberry Pi da kansu shawararsu ita ce a zuba sabo daga farko. Muka sayo sabon kati, tsohon kuma aka cire shi aka sa a ambulan, don in abu ya ƙi a mayar da shi. Sauke sabon tsarin shi ne ya ba mu wuya. Ya haura gigabait ɗaya, rezo kuma yana zuwa yana tafiya, sai da muka jira bayan sha biyun dare, kuma sau biyu yana katsewa. Akwatin da kansa a batirin sola muka jona shi, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a kati, katin na iya lalacewa.

Da ya tashi, abu na farko da ya nema shi ne a ƙirƙiri sabon suna da kalmar sirri. A da duk Raspberry Pi da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya take zuwa, sai a watan Afrilun 2022 aka daina hakan. Suka mayar da saitin, suka canza kalmar sirrin kamara, suka rufe hanyar da ake iya ganinta daga wajen gida sai ta ƙofa ɗaya mai tsaro. Fitilar ƙofa ta ƙi amsawa, domin ƙaramar manhajar da ke fassara harshenta mai ita ya daina kula da ita, sai da suka nemo wata. Washegari da hantsi na ji famfo ya tashi da kansa. Ƴata ba ta ce komai ba, ta dai kalle ni.

Abin da nake roƙon iyaye da malamai

Wasu ƙasashe sun fara mayar da wannan magana doka. Daga 29 ga Afrilun 2024 Birtaniya ta hana sayar da na'ura mai haɗuwa da intanet da kalmar sirri irin ta kowa da kowa, ta kuma wajabta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa fitar da faci. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a watan Disambar 2024, wadda za ta fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen 2027. Kayan da ke iso mana ta Kano da Maiduguri da Damagaram ba sa zuwa da irin wannan alkawari a rubuce. Saboda haka tambayar ta dawo kanmu.

Idan za ka sayi waya, ko kamara, ko na'urar rarraba intanet, ka tambayi shekarar da aka ƙera ta da kuma ko har yanzu ana sabunta ta. Ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita a ranar da ka kunna ta. Ka fifita abin da zai ci gaba da aiki a cikin gida ko da kamfaninsa ya rufe, kuma duk makunnin zamani ka tabbata ana iya kunna shi da hannu. Idan wata ƙungiya ta kawo wa makarantarku kwamfutoci ko allunan hannu, a gode mata, sannan shugaban makaranta da kwamitin iyaye su tambaya tun a wurin biki: wace babbar manhaja ce a ciki, yaushe za a daina kula da ita, wa aka koya wa sabuntawa, kuma kuɗin intanet ɗin daga ina zai fito? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda ya fi taɓa ni a matsayina na malami. Muna hana yara taɓa na'ura don kada su ɓata, sai mu wayi gari da na'urar da ta mutu da yaran da ba su san cikinta ba. Kakanninmu a bakin Komadugu da jigo suke ban ruwa, kuma kowane yaro ya san yadda ake sake igiya da ɗinke guga. Da injin ban ruwa ya zo, ba a daɗe ba aka samu samari a Geskeru da ke kwance shi su ɗaura. Wannan ma haka ya kamata ya zama. A kowace makaranta mai kwamfuta a ware ɗalibai biyu ko uku da malami ɗaya, a ba su littafi su riƙa rubuta ranar da aka sabunta kowace na'ura, kamar yadda muke riƙe rajistar kiran suna.

A gidana yanzu Juma'ar farko ta kowane wata ƴata tana duba akwatin, ta sa facin da ya fito, ta rubuta a bayan wani tsohon littafin lissafi. Ta kuma liƙa ƴar takarda a jikinsa da rubutun hannunta: Bookworm, an zuba Afrilu 2025, za a daina kula da shi Yuni 2028. Na ce mata kafin lokacin in Allah ya yarda tana jami'a, wa zai yi? Ta nuna ƙanenta mai shekara goma sha ɗaya, wanda tun daren nan yake tsaye a bayanta yana riƙe mata fitila.